Jar Saniyar Baba a Dakoro

Dakoro, Nijar
6 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga maiɗakina Zuhura,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Mun iso lafiya. An zagaya da mu malaman dabbobi na Shinkafi gonar kiwo ta gwamnati, muka ga rijiyoyi da rumbunan ciyawa, amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Jiya aka kai mu rugar wani dattijo, Jibrin, mu ga yadda suke tatsa. Zuhura, na ga jar saniyar Baba, Allah ya jiƙansa. Karyayyen ƙahonta yana nan, da tsaga biyu a kunnen hagu, wadda ni na yi ta da hannuna. Kin tuna makiyayinmu Sabo ya ce ta mutu a daji shekara huɗu da suka wuce, ko fata bai kawo ba? Dama tun lokacin zuciyata ba ta kwanta ba.

Ban nuna na gane ta ba. Jibrin sai kallona yake, yana tura mini ƙwaryar nono fiye da kowa. Wannan karamcin ai na mara gaskiya ne.

Ga takarda nan ciki. Ki kai wa yayanki Rufa'i a kotu, ya shigar da ƙarar Sabo. Na san hukuncin sata yanzu a Zamfara, na kuma san Sabo da hannun nan yake ci da iyalinsa. Shi ya jawo wa kansa.

Naki,
Halilu

Dakoro
9 ga Nuwamba

Zuhura,

Ina gaisuwa. Don Allah idan takardar nan tana hannunki, ki ƙona ta.

Na koma rugar ni kaɗai don in kama Jibrin da baki, sai na tarar ya yanka mini rago. Ya ce tun ranar farko ya ga fuskar Baba a tawa, kunya ce ta hana shi magana cikin baƙi. Shekarar da ciwo ya ƙarar masa da garke, sun haɗu da Baba a kasuwar Shinkafi, Baba ya ba shi saniyar habbanaye. Al'adarsu ce: a ba wanda ya rasa aron saniya, ta haifa masa uku ya riƙe, sannan ya mayar da uwar. Sabo ne ya koro ta har nan. Na ga 'ya'yan uku da idona. Jibrin yana shirin mayar da ita bayan girbi, bai ma san Baba ya rasu ba. Da na faɗa masa, ya rufe fuska da rawani ya daɗe.

Tsoro ya hana ni cin ragon. Ki ba direban da ya kawo miki wasiƙar nan amsa.

Halilu

Shinkafi
12 ga Nuwamba

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau.

Takardar ban kai ba. Ni na dama furar da Sabo ya yi guzuri da ita zuwa Dakoro. Baba ne ya ce mu ce ta mutu, wai in ka ji za ka bi ta har Nijar ka karɓo. Ka ga kuwa bai yi ƙarya ba.

Sai dai direban da ka ba wasiƙar farko, ashe ka faɗa masa komai, shi kuma ya baza a tasha. Ranar Alhamis Sabo ya koro shanunmu har ƙofar gida, ya sa Inna ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya jingina sandarsa a zaure, ya kwashe iyalinsa zuwa garin Dauran. Abin da ya ce kawai: "Ki gaya wa Halilu, a kafaɗata ya koyi sunayen shanun nan."

Sandar tana nan, na hana kowa taɓa ta. Idan ka shigo ƙasa, ka fara bi ta Dauran kafin gida.

Taka,
Zuhura