Fitilunku Sun Cika Mana Gura da 'Ya'yan Kifi

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayen istakoza daga masuntan Kogin Nilu, Wustul Balad, Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Bahaushen nan ɗan Yawuri da ke aiki a kwalekwalen Ammu Sabir, dattijon da ke kawo muku istakoza, dabbar ruwan nan mai hannuwa irin na kunama. Ni ba na cin ta, kamawa kawai nake yi.

Na ɗaya. Bayan babbar Sallah kun raba mana ƙananan fitilu koraye, kuka ce a ɗaura a cikin kowace gura, wato tarkon da muke ajiyewa a ruwa, haske zai jawo istakoza. Kun ƙara da cewa wanda bai ɗaura ba, ba za ku sayi kayansa ba. Mun ɗaura.

Na biyu. Gaskiyarku, istakoza tana zuwa. Sai dai ba ita kaɗai ke da ido a kogin ba. 'Ya'yan karfasa, waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, su ne ke fara cika gurar. Na ji an ce a tankin gilashin ofishinku aka gwada fitilun. Na taɓa ganin tankin. Yana da kyau, kuma babu ko kifi ɗaya a cikinsa.

Na uku. A gidanmu, kifin da bai kai tafin hannu ba a ruwa ake mayar da shi, a ce masa sai baɗi. Haka mahaifina ya koya mini. Yanzu kafin mu ɗaga gura istakoza ta riga ta yi kalaci da su. Abin da nake mayarwa ruwa kawuna ne, kuma abin yana ci mini rai.

Na huɗu. 'Yan sandan ruwa sun leƙa kwalekwalenmu, sun ga 'ya'yan kifin, sun gargaɗi Ammu Sabir cewa in suka sake gani za su tafi da kwalekwalen. Ba su tambayi wanda ya ba da fitila ba. Dattijon nan ba shi da wata sana'a, ni ma ba ni da wani ubangida.

Saboda haka na kwance fitilun. Suna ɗakina a unguwar Arba wa Nus, matata tana amfani da su in an ɗauke wuta, ta ce a yi muku godiya.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku janye sharaɗin nan ku ci gaba da sayen kayanmu. In kuwa dole sai da haske, ku aiko da wanda zai zauna a kwalekwalen ya yi wa 'yan sanda bayani, don Larabcina bai kai nan ba.

Allah Ya ƙara wa kamfani albarka, Ya bar wa jikokinku kifi a Nilu. Ranar Asabar za mu kawo kaya kamar kullum, daga gurar da ba ta da fitila. In kun ƙi karɓa, a ranar zan san ɗanɗanon istakoza.

Wassalam.

Naku,
Garba Sarkawa