Ruwan da Mama Ta Zuba wa Jar Mota

Plovdiv, 14 ga Mayu

Zuwa ga yayana, Bate Zdravko,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninka. Ina fatan kana lafiya, kuma zafin Sifaniya da ɗaukar siminti ba su ƙarasa bayan nan naka ba. Mu nan jikinmu kalau. Ka san ni da biro ba ma shiri, amma duk lokacin da na ɗauki waya in kira ka sai harshena ya ƙi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ranar Talata da safe na kai jar motarka garejin Bai Kolyo, kamar yadda ka ce, don a daidaita mata sabon turbon da ka aiko. Ina shan kwana sai na hango wata mata tsaye a bakin ƙofa, da baƙin ɗankwali, da butar tagulla a hannu. Bate, Mama ce. Mamar da ta ce maka ka zaɓa, ko ita ko akwatin gawar nan mai taya, kai kuma ka ɗauki jakarka ka bar ƙasar ba sallama. Ranar Lahadi ta ji zancen kai motar a bakina, ta yi kamar ba ta ji ba. Ashe bas ɗin farko ta hau daga ƙauye, har da banitsa, gashin nan nata mai cuku, da ɗuminta naɗe a tawul. Na taka birki har mota ta mutu.

Ta ce, "Me kake kallona baki buɗe kamar kifi? Ba yau ce jarrabawar motar ba? Wa ka taɓa gani ya shiga jarrabawa ba a zuba masa ruwa ba?"

Ba ka san injin awon ƙarfin ba, bayan tafiyarka Bai Kolyo ya saya. Ganguna ne manya na ƙarfe a cikin ƙasa. A ɗora tayoyin gaba a kansu, a ɗaure mota da bel ta ko'ina, a kunna mata ƙatuwar fanka, sai ta yi ta gudu a wuri ɗaya, kwamfuta tana nuna ƙarfin doki nawa ke cikinta. Da aka gama ɗaurewa, Mama ta matso ta yi alamar gicciye, ta kwarara ruwan a gaban tayoyin, har da ganyen furen tagarta a ciki, tana cewa Allah ya sa komai ya tafi sumul kamar a kan ruwa. Irin yadda ta yi maka ranar da ka fara makaranta da ranar da ka tafi soja. Bai Kolyo ya cire hularsa. Sasho mai fenti ya ce amin da banitsa a baki. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Mu uku da idanunmu, ba wanda ya ga ruwa a cikinmu. Addu'a muka gani.

Bai Kolyo ya shiga ya taka totur. Ƙara kamar rufin zai tashi, amma kwamfuta ta nuna ƙarfin da bai kai ma na tsohon turbo ba. Ya leƙo ya ce mini, "Tisho, yayan nan naka turbo ya aiko ko maficin hura gawayi?" Ya shiga ƙwaƙwalwar motar ya ƙara wa turbo iska. Bai gamsu ba, ya sake ƙarawa. Ashe tayoyin santsi suke yi a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, injin awon bai yi ƙarya ba. Da ya sake takawa tayoyin sun yi zafi sun bushe, suka cafki gangunan lokaci guda, ga iska ta wuce kima.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Sandar fistin ta fasa cikin injin ta fito, wani guntun ƙarfe ya wuce ta gefen kunnen Sasho ya shige jikin firji. Sai shiru, fanka kawai ke juyawa. Baƙin mai ya malalo a hankali har ya taɓa takalman Mama, ba ta ko ja baya ba.

Bai Kolyo ya durƙusa ya shafa ƙasan gangar, ya ɗago da jiƙaƙƙen ganye a yatsa. Ya yi sauri ya damƙe hannu, amma ta riga ta gani. Ta ce, "Kolyo, ni ce?" Ya ce, "Ni ne jakin, Velichka, ni da na cire hula." Ba ta yarda ba.

Injin ya tafi, Bate. Jikin motar ko ƙwarzane babu. Ka yi tunani kafin ka kira.

Ƙaninka mai kewarka,
Tihomir

Plovdiv, 2 ga Yuni

Bate Zdravko,

Ina gaishe ka, da fatan jikinka lafiya, zuciyarka kuma ta ɗan sauka. Na bar ka ka yi ta ihu a waya don na san abin da motar nan ta ci maka. Amma maganganu biyu da ka faɗa sun hana ni sukuni: wai da gangan Mama ta yi, kuma wai ba za ka zo gida a watan Agusta ba, ko wani Agustan ma.

Ni ban yi nisa a karatu ba, amma ina da ido. Butar nan ta sha guga da toka har tana ɗaukar ido. Takalman da man ya ɓata na zuwa coci ne. Wanda ya zo ɓarna ba ya sa takalman coci.

Kuma ba ta koma ƙauye ba. Ta bar wa maƙwabta kajinta, tana kwana a gadona, ni a ƙasa. Bai Kolyo ya samo wani injin a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, ya ce shi zai haɗa da hannunsa, kada kowa ya yi masa wata magana. Washegari Mama ta bayyana a gareji da tsohuwar rigar aikin Baba, ta ce a ba ta abin yi. Ya ce ta je ta huta. Ta ja kujera ta zauna a tsakiyar hanya har sai da ya miƙa mata baho da kananzir.

Yanzu ita ke wanke kayan injin, ɗaya bayan ɗaya, da buroshin haƙori. Tana jera su a kan farin ƙyalle kamar cokulan biki. Sasho ya ce a ajiye masa fistin ɗaya ya riƙa shan miya da shi, ta ce ya fara wanke wuyansa tukuna. Ta hana zagi a garejin, har Bai Kolyo idan guduma ta sami yatsansa sai ya fita waje ya yi abinsa ya dawo. Turbo kuma dodon-koɗi take kiransa. Jiya na same ta riƙe da shi tana juya fankar cikinsa da ɗan yatsa, ta tambaye ni wai da gaske hayaƙin da mota ke zubarwa shi ke juya wannan, ya dawo mata da ƙarfi? Na ce haka ne. Ta sake juya fankar, sannan ta ce, "Ashe ba hauka kawai yake yi ba."

Hannayenta duk sun tsage. Ban gaya mata abin da ka ce ba. Kullum sai ta tambaya ko ka kira, ni kuma in ce aiki ya yi maka yawa.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Naka,
Tihomir

Plovdiv, 27 ga Yuni

Bate,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba ka amsa waccan ba, ban kuma yi fushi ba. Wannan dai ka karanta, don ni kaina da na gani har yanzu ban gama yarda ba.

Jiya aka mayar da motar kan gangunan. Kafin a fara, Mama ta ɗauki tsumma ta goge su da kanta har sai da suka yi ƙaraf. Bai Kolyo ya bi abin a hankali, ya ƙara iska kaɗan, ya saurara, ya duba mai, ya sake ƙarawa. Wajen azahar kwamfuta ta haura doki ɗari uku, abin da ka daɗe kana mafarki. Sasho ya yi tsalle ya rungume ni.

Muna cikin murna sai Mama ta buɗe ƙofar direba ta ce wa Bai Kolyo ya matsa. Ya yi dariya, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya ce, "Velichka, wannan ba keken ɗinki ba ne." Ta ce, "Ina tuƙa tarakta a gonar gwamnati kana yawo ba wando. Matsa. So nake in ji abin da ya raba ni da ɗana."

Ya koma kujerar gefe yana salati irin nasa. Ni na tura mata kujera gaba don ƙafarta ta kai. Ta gyara ɗankwali, ta taka kuloci, ya sa mata giya. Da farko a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai. Da turbo ya fara fito, sai na ga idanunta sun buɗe. Bate, ta take totur har ƙasa! Motar ta ja bel kamar za ta tsinke su, salansa na aman wuta, Bai Kolyo yana ihu ta saki, ita kuwa bakinta a buɗe. Na ɗauka kuka take. Dariya take yi, irin wadda ban ji ba tun Baba na da rai. Sai da ya daki gwiwarta ta ɗaga ƙafa.

Ta kashe motar da kanta. Ta zauna riƙe da sitiyari, hawaye na zuba. Can ta zare makullin, ta ɗaura shi a igiyar gicciyen wuyanta, ta tura cikin riga. Na miƙa hannu, ta doke shi. Ta ce in rubuta maka haka, kada in canza ko kalma: "Na fasa, na wanke, na ɗana. Mai mota ya zo da ƙafarsa ya karɓi makulli a hannuna. In kuma Agusta ta wuce bai zo ba, ni zan kai ta tseren tsohon filin jirgi."

Bai Kolyo ya ce in gargaɗe ka, ba wasa take ba, har ta tambaye shi inda ake samun hular kwano.

Na san za ka ce na shirya ne don in jawo ka gida. To ba ni kaɗai na gani ba. Bai Kolyo yana cikin motar, kunnensa na hagu har yau bai dawo daidai ba. Sasho yana tsaye da abin kashe gobara. Sai kuma Fada Serafim na cocin ƙauyenmu, wanda ya yi maka baftisma. Gyaran birki ya kawo, ya tsaya a bakin ƙofa daga farko har ƙarshe, hannu a kan gemu. Shi ka kira ka tambaya.

Ƙaninka da ke jiran ganinka,
Tihomir