Ɗakin Ƙofa da Baƙar Rigar Adawiyya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Garga ɗan Mahmudu, tela, mazaunin Briqueterie a Yaoundé, nake rubuta wannan yau Laraba, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi. Hankalina ɗaya. Na san sunana, na san 'ya'yana uku, na san abin da na mallaka, kuma babu wanda ya raɗa mini abin da zan ce. Jiki ne kawai ya gaji. Likita ya gaya mini halin da zuciyata take ciki bai ɓoye ba, ni ma ban nemi ya ɓoye ba. Ƙafafu sun kumbura, zare ya daina shiga allura a hannuna, na kuwa gane kwana ya matso.

Zuwa ga Awwal, da Halilu, da autarku Adawiyya.

Za ku ga rubutun yana hawa yana sauka, ku yi haƙuri da shi. Yaran da ke karatun doka a ɗakin ƙofa ne suka sanar da ni cewa takarda irin wannan, in ba a ofishin notaire, mai sa hatimin hukuma a takardu, aka yi ta ba, dole mai ita ya rubuta da hannunsa tun daga farko har ƙarshe, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Na tambaye su ko dokar tana jin Hausa. Tun azahar suke gardama a kai har aka kira la'asar, uku suka ce tana ji, ɗaya ya ce sai an fassara mata. To, ga ta nan da Hausa. In ta kai ga fassara, akwai mai yi a cikin gida.

Na ɗaya. Gidan nan, da shagon yadi na kasuwar Mokolo, da kekunan ɗinki biyu, a raba su yadda Allah ya ce. Ku kira Malam Mohaman Bello, limaminmu, ya zauna da ku. In zai yiwu, tsohon keken ya faɗa a rabon Halilu, don shi ya ɗauki sana'ar, shi ya san inda ake dafa shi in ya fara tsallake zare. Na san ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Saboda haka abin da zai biyo baya roƙo ne nake yi a wurinku, ku biyu maza, musamman kai Awwal.

Na biyu. Ɗakin ƙofa, inda na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗinki, kada a taɓa shi sai Adawiyya da abokan karatunta sun gama jarrabawar shiga aikin lauya, ta rubutu da ta baki. Awwal, na san ka riga ka auna bangon, kana so ka fasa ƙofa ta wajen titi ka zuba wayoyin sayarwa. Tunani ne mai kyau, wurin zai yi ciniki. Amma ka jira. Ko zaman ta'aziyyata kada a yi shi a nan, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Allo da teburi da littattafai su zauna inda suke.

Bari in gaya muku abin da ake yi a ɗakin, don ku kuna kasuwa lokacin da ake yinsa, hayaniya kawai kuke tararwa. Su huɗu ne. Akwai Njidda ɗan Maroua, wanda ya haddace lambobin doka kamar yadda yaro ke haddace sunayen 'yan gidansu, amma in ka ce ya bayyana maka sai ya hau zufa. Akwai Saudatu daga Nkomkana, mai goyo, ba ta yarda da magana sai ta ga shafin da aka rubuta ta. Akwai Mbarga daga Elig-Edzoa, Kirista ne, a wurin masu soya, wato tsire, na bakin titinmu ya koyi Hausarsa, shi ya sa ya fi sanin sunan yaji da na albasa. Ta huɗu ita ce tamu. Suna haɗuwa bayan azahar, kowa da tsofaffin tambayoyin da ya samo, su rarraba darasi, wanda ya fi gane wani fanni ya koya wa sauran.

Da farko ni ina gefe ne kawai, ina shan shayi ina jin Faransancin da ya fi ƙarfin na kasuwa da na iya. Wata rana abin ya ci mini rai, na tambayi Njidda me suke ta maimaitawa tun ɗazu. Ya buɗe baki ya kasa faɗa mini da Hausa. Saudatu ta yi dariya har goyonta ya farka, ta ce ashe bai gane ba, hadda ce kawai. Daga ranar suka kafa ƙa'ida: duk darasin da mutum ya kasa bayyana wa Baba Garga har ya gyaɗa kai, ba a gama shi ba. Suka jawo mini kujerar katako tsakiyar ɗaki. Ni kuwa ba na gyaɗa kai a banza. Na taɓa tsare Mbarga kwana uku a kan bambancin aro da ajiya, yana ta kame-kame da Hausar soya, har ya samo misali da wuƙar mahauci, na ce yanzu na ji.

Ban san haka duniya take ba sai da na tsufa. Ashe duk rigimar da na yi da masu kawo ɗinki tana da suna a littafi. Wanda na yanka wa yadi ba daidai ba, da wadda ta ce ba wannan ɗinkin ta zaɓa ba, da almajirina na dā da ya tafi da masu kawo mini ɗinki, kowanne akwai wanda ya zauna ya yi tunaninsa tun kafin a haife ni. Nakan kwanta ina mamakin mutanen da suka rubuta waɗannan abubuwa, ko sun taɓa riƙe almakashi, ko kuwa teloli ne suka kai musu ƙara har suka gaji. Da na san akwai wannan ilmi ina saurayi, ban san abin da zan zama ba.

Na uku. Kujerar nan, kai na bar wa, Awwal. Na san abin da kake faɗa, cewa aikin lauya aikin mayar da fari baƙi ne, kuma ƙanwarka ta haura talatin tana yawo da takardu. Na ji ranar da ka faɗa mata haka a tsakar gida, na kuma lura tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ku. Wannan gaba ta ƙare da ni. Kai ka fi kowa cancanta da kujerar, don ba ka yarda da sauri, kuma fuskarka ko ba ka ɗaure ta ba a ɗaure take. A jarrabawar baki manya ne za su zuba musu ido suna jefo tambaya, suna bukatar wanda za su gwada tsayuwa a gabansa. Ka ba su sa'a biyu, Litinin da Alhamis. Ka tambaye su duk abin da ya ɗaure maka kai, kada ka tausaya musu. Ina so in ga ko za ka fita ɗakin da ra'ayin da ka shiga da shi, sai dai ba zan gani ba.

Na huɗu. A ƙasan akwatin ƙarfe akwai turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Wata mata ce daga Messa ta kawo ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta ce za ta dawo a auna ta, ba ta dawo ba. Na yi cigiya har na gaji. Na ba yaran wannan matsala, Njidda ya ce har abada ta matar ce, Mbarga ya ce wucewar shekaru na iya kashe hakkinta, Saudatu ta ce su duka su kawo shafi. Ba su gama ba har yau. Bayan jarrabawa su zauna da Malam Mohaman Bello, su kawo nasu ya kawo nasa, abin da suka tsayar ku yi. Kada dai wani a cikinku ya ɗinka ta.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Akwai hakkin Adawiyya a kaina.

Kun san wannan jarrabawa ba kowace shekara ake buɗe ta ba. Wancan karon da aka buɗe, ta shirya, takardar shigarta tana hannu, sai mahaifiyarku Kaltuma ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Ranar jarrabawa ta faɗo daidai da sadakar uku. Da safe na ga Adawiyya ta fito da mayafi da jaka, idonta a kumbure. Na ce mata ita kaɗai ce 'ya mace, mata za su cika gidan nan daga Messa da Nkomkana, wa zai tarbe su, kuma me za a ce a unguwarmu Birik in aka ji uwa ta kwana uku a kabari 'yarta tana can tana rubutu. Ta ajiye jakar, ta ɗaura zane, ta tafi wurin tukunya. Matan suka zo, suka ci, suka yi addu'a, kafin la'asar kowa ya watse. Ita kuma shekara shida ta jira, tana buga wa wani lauya takardu, tana kallon waɗanda suka gama makaranta tare suna shiga kotu.

Ni da nake tambayar komai, har yadda jirgin sama ke tsayawa a iska, ban tambayi kowa ba ranar nan. Sai bara na tambayi liman, ya ce babu inda addini ya hana ta fita, tsoron bakin mutane ne kawai. Watan jiya ta bar babban littafinta a kan teburi, na buɗe ina kallon yadda aka jera lambobin, sai ga tsohuwar takardar shigar nan a tsakiya, ta yi ja don daɗewa, da hotonta tana yarinya. Da ita take sa alamar inda ta tsaya. Na rufe littafin na mayar da shi inda yake. Adawiyya, na zalunce ki, kuma kunya ta hana ni faɗa miki baki da baki. Ki yafe mini.

Yanzu an sake buɗewa, saura mako bakwai, ni kuma ga halin da nake ciki. Ba na tsoron tafiya kamar yadda nake tsoron ta faɗo a kan wannan rana, in hana ta karo na biyu ina kwance. Don haka ku ji da kyau. In na rasu kafin jarrabawa, ta yi kukanta, washegari abokanta su zo a buɗe littafi. In ranar ta zo daidai da uku ko bakwai ko arba'in, matan Awwal da Halilu su tsaya a kan tukunya. In kuwa da safiyar ranar ce, ku wanke ni, ku kai ni, kada ku jira kowa. Kai Awwal, bayan ka goyi bayana wancan karon, wannan karon kai za ka ɗauke ta a motarka ka ajiye ta a bakin ƙofar wurin jarrabawa, sannan ka dawo ka tarar da sallar jana'izata in ka samu. In ba ka samu ba, na yafe. Duk wanda ya yi magana a unguwa, ku nuna masa wannan takarda, ya ga rubutuna.

Na shida. A saman akwatin akwai ƙunshi a cikin farin ƙyalle. Mbarga ya aro mini rigar lauyan da yake wa aiki na yini ɗaya, ba tare da sanin Adawiyya ba. Na juya ta ciki waje ina duba yadda aka tattare bayan kafaɗa da hannun nan mai faɗi, don ban taɓa ganin irin ɗinkin ba, kuma wanda ya ƙirƙiro shi ya san aiki. Na ɗinka irinta kafin hannuna ya ƙi, ita ce ɗinkina na ƙarshe. Na san ko Adawiyya ta ci jarrabawar akwai shekarun koyon aiki a gaba. In kuma ba ta ci ba, ba a kanta aka fara ba, rigar ta jira, ɗakin ma ku sake buɗe musu. Ƙasan rigar ban kalmashe ba, don ban san irin takalmin da za ta sa ba. Halilu zai ƙarasa tana tsaye a ciki.

Njidda da Saudatu da Mbarga, ku riƙe su kamar 'yan gida. Sun koya wa ƙanwarku abin da ta manta a shekara shida, ita ma ta koya musu, babu wanda ya ɓoye wa wani takarda ko da yake wuri ɗaya suke nema. Ni kuma sun ba ni abin tashi da safe a shekarar da na zaci na gama da duniya.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya haɗa kanku, ya hana bakin waje shiga tsakaninku. Ku ci abinci a kwano ɗaya ko da ranar Juma'a ce kawai, kuma kada a gina katanga a tsakar gidan nan. Ku tsare salla, ku yi wa uwarku addu'a, ku sa ni a ciki.

Shekara arba'in ban taɓa yanka yadi ban sa ma'auni a jikin mai shi ba, sai wannan karon. Da ido na auna ki, Adawiyya, kina tsaye gaban allo kina yi mini bayani. Ina ta son in san ko na dace. In kafaɗar ta matse ki, kada ki damu, na bar wa Halilu wurin saki a cikin ɗinkin.

Mahaifinku,
Garga ɗan Mahmudu