Yatsan Ɗan Gida

Mama,

Ina gaishe ki daga Stuttgart, nan ƙasar Jamusawa. Yaya gwiwar taki? Yaya 'yar'uwata Titina da yaranta? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Mama, ƙarya na yi miki. Ranar da kuka taru don dafa tumatirin shekara, ba aiki ne ya riƙe ni ba. A lokacin ina yankinmu na Puglia, ina yawon hutu a keke da Jamusawan ofishinmu. Mun bi ta mararrabar garinmu, na sunkuyar da kai na wuce, don kada su ga gidanmu.

A wata gona, wata tsohuwa ta koya mana murza taliya da babban yatsa. Jamusawa suna ta ɓatawa, tawa kuwa ta fito daidai. Tsohuwar ta kama hannuna, ta ce:

"Kai, wa kake yaudara? Wannan yatsan ɗan gida ne. Mahaifiyarka tana raye?"

Na ce e.

"To, me kake nema a teburina?"

Ki yafe mini. Kada Titina ta aiko da kwalaben miyar tumatirin bana. Zan zo in ɗauka da kaina, idan kin ajiye mini.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanki,
Cosimo