Kafin A Sake Yi Wa Motar Ƙauyenmu Fenti

Zuwa ga Alhaji Nafi'u,
Shugaban Ƙungiyar 'Yan Asalin Ƙauyenmu Mazauna Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'ya'yanmu da ke neman halaliyarsu a birni. Ina gaishe ku da ɗawainiyar gida.

Ni ne Malam Isiyaku na bakin kasuwa, abokin marigayi mahaifinka. Da hannuna nake wannan rubutu. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na manya a Rurum, don haka in ka ga kuskure ka yi haƙuri, amma ka karanta har ƙarshe. Sau biyu na aika maka da saƙon baki ban ji amsa ba. Shi ya sa na rubuta a buɗe, domin kuɗin da zan yi magana a kai na jama'a ne.

Zan fara da albishir. Allah ya ba ni jika. 'Yata Sa'adatu, wadda ita ce ta huɗu, don haka ba na jin nauyin ambaton sunanta, ta haifi 'ya mace bayan shekara tara da aure da ɓarin ciki uku. An yi suna makon jiya. Na raba goro har gidajen da muka daɗe ba ma ga maciji da juna. In na ɗauki yarinyar nan sai matata ta ƙwace ta da ƙarfi. Amma duk sanda na duba fuskarta sai na tuna yadda ta kusa zuwa duniya a tsakiyar hanya, ita da uwarta babu mai taimako, sai farin cikin ya gauraye da tsoro.

Ka san asalin motar ƙauyenmu. Shekara huɗu da suka wuce, bayan matar Audu tela ta rasu a hanyar asibiti, muka yi shawara kowane gida ya riƙa fitar da damin dawa ɗaya duk kaka. Shi ne muke kira damin mota. Maƙwabtanmu Fulani suka ba da maraƙi, ku na Kano kuka cika, aka sayi tsohuwar mota mai dogon baya. Ba ta da kyan gani, amma doguwa ce daga ƙasa, kuma shekara uku tana kai mata asibitin Rano ba ta taɓa kwana a hanya ba. Tun da aka fara hana mata hawa babur ɗin haya, ita kaɗai ce abin da muke da shi.

Ga damuwata.

Na ɗaya, abin da aka yi wa motar. Bayan Sallar layya kun aiko a kawo ta Kano a gyara mata jiki. Da ta dawo bayan mako uku mun kusa kasa gane ta. An yi mata farin fenti da koren layi, an rubuta sunan ƙungiya a ƙofofi, an sa baƙin gilashi da jiniya. A baya, inda muke shimfiɗa katifa, an kafa akwatin lasifika, an mayar da kujera an ɗaure ta da noti. An cire tsofaffin wili da dogayen tayoyinta, an sa mata wasu masu ƙyalli da gajerun tayoyi masu faɗi, an kuma sauke ta ƙasa don ta zauna kamar motocin birni. Aka ce naira dubu casa'in da biyar aka kashe. Ba zan ɓoye ba, har da ni aka yi tafi ranar. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne Tukur direbanta. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce cikinta ya yi kusa da ƙasa. Aka yi masa dariya, aka ce bai san zamani ba.

Na biyu, hanyarmu. Alhaji, kai ma a kanta ka yi kiwon awaki. Daga ƙauye zuwa kwalta ba injiniya ne ya yi ta ba, amalanken shanu ne. Ƙafafun amalanke sun haƙa rami biyu, hagu da dama, sun bar tudu a tsakiya. Da rani tudun yana gogar cikin mota kaɗan ta wuce. In ruwa ya sauka ramukan su ƙara zurfi, tudun ya tsaya inda yake. Motar da ba ta da tsawo sai ta hau kansa ta zauna. Wanda ya yi aikin a Kano bai taɓa ganin wannan hanya ba, ba na ganin laifinsa. Amma waɗanda suka ba shi aikin sun san ta.

Na uku, ranar da abin ya faru. Talata ce, an yi ruwa mai yawa da safe. Bayan azahar ungozoma ta ce naƙudar Sa'adatu ta fi ƙarfinta, a tafi Rano. Aka sa ta a mota, ita da uwarta da ungozoma. Ba ta sami wurin kwanciya ba saboda kujera da lasifika, a zaune ta tafi, uwar tana riƙe da ita. Ni na bi su a keke daga baya, tunda bai dace uba ya shiga mota ɗaya da 'yarsa a wannan hali ba. Kafin a kai tsamiyar bakin rafi na ji ƙara. Cikin motar ya daki tudu, kwanon da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin inji ya fashe. Tukur ya ga man yana zuba, amma yana jin nishin yarinyar a bayansa, sai ya ci gaba da takawa ko Allah zai sa a kai kwalta. Ba a yi nisa ba injin ya buga. Da na iso na tarar da shi tsaye cikin taɓo yana hawaye. A duk jikin motar nan jiniya ce kaɗai ke aiki.

Allah ya sa Jauro Bello yana huɗa a gonarsa kusa da wurin. Ya kwance shanunsa daga garma, ya ɗaura musu amalanke, muka shimfiɗa tabarma da zannuwan mata, aka kwantar da ita. Ina tafe a gefe ina tura keke, ba na iya kallon cikin amalanken, ba na iya ɗauke kunnena daga gare shi. A kwalta muka tare motar albasa. Ana kiran magariba muka shiga asibiti, tafiyar da a da ba ta kai awa ɗaya. Sai da aka ƙara mata jini. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta ta yi mana faɗa sosai kan jinkiri, ni kuwa ban san yadda zan bayyana mata cewa muna da mota ba.

Na huɗu, abin da na ji za a yi yanzu. An ce kuɗin damin motar kakar bara da gudummawarku sun kai naira dubu ɗari da ashirin, suna hannun ƙungiya. An ce a taron ƙarshen wata za a yanke a lallaɓa injin da dubu arba'in, a sake fentin gefen da ya goge, sauran a yi bikin nuna motar, a gayyato manya, tunda zaɓe ya matso kuma suna iya ba da wani abu. Na fahimci tunanin. Na san ba don kanka kake yi ba, kuma na san mai bayarwa ya fi son abin da ke ƙyalli. Amma ba na jin maganar tayoyi da tsawon motar a cikin wannan lissafi. In an lallaɓa injin an bar ta a yadda take, tudun nan yana nan, kuma damina yanzu ta fara. Matata ta lissafa mini mata uku masu tsohon ciki a unguwarmu kaɗai. Ɗaya daga cikinsu matar ƙaninka ce.

Na hau keke na je Rano na sami Bala makanike, wanda shi ke duba motar tun da aka saye ta. Ya ce gyaran injin na gaskiya, ba lallaɓawa ba, zai ci kamar dubu sittin da biyar, in bai buɗe ya tarar da ɓarnar ta wuce zatonsa ba. Dogayen tayoyi huɗu da ɗaga motar zuwa tsawonta na da, kamar dubu talatin. Ya ce wili masu ƙyalli da lasifika za su sayu a Kano, su rage mana nauyi.

Don haka ga abin da nake roƙo.

A gyara injin gyara na sosai a wurin wanda ya san hanyarmu. A dawo mata da tsofaffin wili, a sa dogayen tayoyi, a ɗaga ta. A cire kujerar baya da lasifika, a mayar da katifa. Baƙin gilashi da fenti a bar su yadda suke, ba su cuci kowa ba, amma kada a ƙara musu ko kwabo. Abin da ya rage a ajiye shi a gida, a hannun liman da mai unguwa, don mai da faci har kaka ta zo.

A kuma sa wa gyaran iyaka tun kafin a fara. In Bala ya buɗe injin ya ga zai wuce dubu tamanin, kada a ci gaba da zuba mata kuɗi don kunyar abin da aka riga aka kashe. A sayar da ita, a haɗa da abin da ke hannu, a nemi wata tsohuwa mai tsawo, ko da ba ta da fenti. Ni na yarda in fitar da dami biyu bana, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

A kira Tukur taron, a ba shi wurin zama, a bar shi ya yi magana har ya gama.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne kai kaɗai. Duk abin da kuka yanke, ranar da aka gama gyaran ka zo gida. Ka jira ranar da aka yi ruwa. Ka shiga bayan motar ka kwanta, ba a gaba kusa da direba ba, Tukur ya ja ka daga ƙofar gidan mahaifinka har Rano. In ka isa lafiya, kuma ka ji za ka iya sa matarka a wurin da ka kwanta, to an kashe kuɗin daidai, ni ne zan fara yi maka godiya a gaban jama'a.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka jagora a kan amanar da ka ɗauka, ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuriya. Allah ya sauki matanmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku na bakin kasuwa,
daga ƙasar Rurum.