Zan Tafi Haihuwa, Gwaje-gwajena Sun Yi Ja

Don Allah Anti ki taimake ni, kada in haihu a kan kujerar ofis!

Cikina ya tsufa, na fari ne, kuma wallahi murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Maigidana ya haɗa gadon jariri a karkace yana ta cika baki, ni kuma dariya ta hana ni faɗa masa. Damuwata ɗaya ce. Ni mai rubuta manhaja ce, ni na gina wadda ke tura wa iyaye saƙo a waya idan ranar rigakafin yaransu ta zo. A cikinta akwai sashen da ke riƙe da saƙonnin da ke jiran fita. Da gangan na kulle shi don kada sauran sassa su taɓa. Amma ni ɗin dai na yi wa gwaje-gwajena, waɗanda na rubuta don su riƙa duba lafiyar manhajar, ƙofar baya, suna leƙawa su tabbatar komai na inda na ajiye shi.

To, abokin aikin da zai riƙe min aiki idan na tafi hutun haihuwa, muna ce masa Sarkin Shara don ba ya ganin abu ya ƙyale, ya shiga ya sake tsarin cikin sashen. Saƙonni na tafiya lafiya lau, har sun ƙara sauri. Amma gwaje-gwajena kaf suka yi ja, alamar wai abu ya lalace! Wai laifina ne, wai gwaji ba ruwansa da ciki, abin da ya fito zai duba. Haushi ya sa na cinye biskit ɗinsa na kan tebur. Anti, tsorona kada ina gida saƙo ya maƙale, wata uwa ta rasa ranar ɗanta ba wanda ya sani. Kuma ba na son a riƙa kirana ina shayarwa. In hana shi taɓawa ne?

Mai Jiran Baƙo

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Tsoronki yana kan hanya, amma Sarkin Shara ma da gaskiyarsa. Gwajin da ke leƙen ciki yakan yi ihu ko kujera aka matsar. Idan ihun banza ya yi yawa, mutane za su daina kula shi, har ranar da abu ya lalace da gaske.

Ki zauna da shi kafin ki tafi. Ku ba manhajar agogon ƙarya da akwatin saƙo na ƙarya. Ku sa sunan yaro, ku tura agogon zuwa ranar, ku ga ko saƙo ya faɗo. Ku katse sadarwa ku mayar, ku tabbatar ya fita sau ɗaya, bai ɓace ba, bai maimaitu ba. In kuwa sashen nan ya isa ya hana ki barci, ku ciro shi ya tsaya da kansa, da ƙofarsa ta gaba, ku gwada shi ta nan. Leƙe ki bar shi sai inda babu wata hanya, kamar tsohuwar manhajar da aka gada a hargitse.

Ungozomarki ba ta buɗe ki ba. Bugun zuciya take saurare, motsi take tambaya, kuma kin yarda da ita. Ki yi wa manhajarki haka.

Ki biya bawan Allah biskit ɗinsa, ki sa maigida ya miƙe gadon nan, ki rufe kwamfuta. Saƙo ɗaya ne naki daga ofis: wanda manhajarki za ta turo miki ranar rigakafin ɗanki. Allah ya kai mu, ya raya mana.