Jerin Masu Tafiya Kwas

Litinin, 3 ga Maris
Sabuwar dokar tsaron kwamfutoci ta iso ofishinmu. Kowace ma'aikata sai ta naɗa jami'in da zai kare na'urorinta daga bairos. An naɗa Dogo. Dogo fa, wanda ni na nuna wa inda ake kunna firinta. Shekara goma sha tara ina jinyar kwamfutocin ginin nan, dokar ma na karance ta, shafi sittin da biyu. Shi kuwa satifiket gare shi mai tambarin zinare. Na taya shi murna, har da buɗe haƙora.

Laraba, 5 ga Maris
An ba shi ɗaki mai labule. Kujerarsa juyawa take.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau ya bi tebur-tebur yana karɓe filas ɗin kwamfuta daga hannun mutane. Da ya zo kaina sai ya rage murya: "Yaya, kalmar sirrinka ba sunan autarka ba ce dai ko?" Na ce haba, sai ka ce yaro. (Ita ce.)
Matata ta ce kwanan nan na fi kiran sunan Dogo a kan nata.

Talata, 18 ga Maris
Da hantsi imel ya shigo, wai jerin waɗanda za a tura kwas ƙasar waje. Adireshin ba na gwamnati ba ne, na gani da idona. Irinsa na sha hana mutane taɓawa. Amma ina son in ga ko da sunan Dogo a ciki. Ba nawa ba, nasa. Na danna. Fayiloli suka fara kulle kansu ɗaya bayan ɗaya. Na fizge wayar sadarwa daga bango.
Sashe na tara na dokar: a sanar da jami'in tsaro cikin awa ashirin da huɗu, in ba haka ba dakatarwa daga aiki. Jami'in tsaro. To.

Laraba, 19 ga Maris
Sai da ya rage awa ɗaya na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Bai yi murmushi ba. Na so ya yi, in samu abin riƙewa. Ya duba ya ce, "Yaya, da ka ƙara minti biyu ba ka cire wayar nan ba, da bayanan ma'aikata duk sun tafi." A fom ɗin rahoto akwai gurbin dalilin buɗe saƙon. Ya ɗaga biro yana jirana. Na ce, kuskure. Ya dube ni jim, ya rubuta hakan.

Juma'a, 28 ga Maris
Darakta ya karanta rahoton a taro, ba a ambaci suna ba. Dogo yana son in koya wa ma'aikata abin yi a mintin farko idan bairos ya shiga. Na ce sai na duba lokacina.
A matakala Akawu ya ja ni gefe, wai wannan Dogon ba abin da ya iya sai iyayi. Sai na ji bakina ya ce, "Ya san aikinsa." Ban san wanda ya aiki bakin nan ba.
Takalmin Dogo dai har yanzu ya cika ƙara.